BAƘON ICCE: A SAN HALINSHI KAFIN A MURZA SHI

Kowane gari shina da masassaƙinshi. Shi ke yi muna turmi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar kalme. Masassaƙi ya san itatuwan dajinshi kamar yadda makiyayi ya san bisashenshi. Ya san ƙirya tauri gare ta, ita ce ta turmi. Ya san ɗanya tana da daɗin sassaƙa, ita ce ta akushi. Ya san aduwa ita ce ta allo da ƙota. Wanga sani ba a lakkwal ya same shi ba. Gadonshi ya yi wajen ubanshi.

Amma yau zamani ya zo da wani aiki. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, samari da yawa sun shiga aikin katako da mashin. Wasunsu ɗiyan ƙauye ne da sunka tafi cin rani. Katakon da suke aiki da shi ba na dajinmu ba ne. Manyan motoci ke kawo shi daga ƙasashen bakin teku. A Yamai har kasuwa guda ta ci sunanshi, ita ce kasuwar Katako. Sau da yawa mai aiki bai taɓa ganin iccen a tsaye da ganyenshi ba. Ko sunanshi bai sani ba. "Jan katako" ko "farin katako", iyakar abin da mai saidawa ya faɗa mashi ke nan.

Irin wanga icce shi muke kira baƙon icce. Wanda ya ɗora shi bisa mashin bai san halinshi ba, shina iya hasarar abu uku: kuɗinshi, da idonshi, da numfashinshi. Don haka munka ga ya kamata mu yi maku bayani.

MINE NE MASHIN MURZA ICCE?

Kun taɓa ganin ƙafar gado ko ta tebur wadda ta yi kewaye sumul, da gaɓoɓi kamar wuyan gora? Ba da gizago anka yi ta ba. Murza ta anka yi. Mashin ɗin da ke wanga aiki, da Faransanci ana ce mashi "tur".

Aikinshi ba shi da wuyar ganewa. Ku tuna da mazarin mata: mazari na juyawa, hannu na gyara zare. To, kusan haka ne. Ana maƙale icce tsakanin tsinin ƙarfe biyu, ɗaya ga kowane kai. Mashin shi juya iccen da sauri. Mai aiki shi riƙe kurfi mai doguwar ƙota, shi aza shi bisa wani ƙarfe da ke kwance gaban iccen. Wanga ƙarfe za mu kira shi matashi. Icce na juyawa, bakin kurfi na cin shi kaɗan-kaɗan, har shi fito da siffar da ake so.

Ga bambancin da ya kamata a riƙe. Wajen masassaƙi, icce ke kwance, gizago ke motsi. Wajen mai murzawa, icce ke gudu, ƙarfe ke tsaye. In gizago ya kuskure, sara guda ya ɓaci. In kurfi ya kuskure, iccen duka shina iya kuɓucewa shi taso ma mutum a fuska.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Masar, jikin bangon wani kabari mai shekara wajen 2.300, akwai zanen mutum biyu suna murza icce. Ɗaya na jan igiya, ɗaya na riƙe da ƙarfe. A birnin Marakesh na ƙasar Maroko akwai masu murzawa da baka. Hannu guda na tura bakan gaba da baya, tsarkiyar na juya icce, yatsun ƙafa na taimakawa wajen riƙon kurfi. Mashinan zamani kuwa da lantarki suke aiki, kuma gudunsu ya ninka na baka nesa ba kusa ba.

LABARIN TABUM

Kowane icce ɗan gida ne a wani wuri, baƙo ne a wani wuri. Ga misali.

Akwai wani icce da Hausawa ke kira tabum. Ba shi da girma ƙwarai, ba shi cika miƙewa ba, kuma shina da ƙaya. Bayanshi fari-fari ne, amma zuciyarshi baƙa ce ƙirin. Shina fitowa cikin dazuzzuka masu ƙarancin ruwa, tun daga Senegal har Habasha, har can kudancin Afirka. A Tanzaniya sunanshi "mpingo". Tanzaniya da Mozambik su ke saida mafi yawanshi ƙasashen waje.

Wa ke saye? A Faransa, yamma da birnin Paris, akwai wani ƙauye mai suna Lakutir-Buse. Mutanenshi sun fi shekara 300 suna murza icce, suna yin sarewa da algaitun Turawa. Da farko da wani rawayan icce na ƙasarsu suke aiki. Amma iccen nan shina lanƙwashewa in ya sha danshin numfashi. Bayan shekara ta 1800, sai aka riƙa sa ma algaitun makullan ƙarfe da yawa. Makulli kuwa ba shi rufe rami daidai in icce ya karkace. Sannu a hankali, masu sana'ar na nan da na sauran ƙasashen Turai sunka koma ga baƙin iccen nan na Afirka. Baƙar algaitar da kuke gani hannun ƴan busa na soja, wadda ake kira kilarinet, masu tsadarta da tabum ake yin su.

Tabum ya zo masu baƙo, sai da sunka koyi halinshi. Sun gane ya fi ruwa nauyi: in an jefa shi cikin ruwa nutsewa shike. Sun gane shina da mai cikin jiki, don haka ba shi shan danshi. Sun gane shina dakushe ƙarfe da sauri. Sun kuma gane in an gaggauta shi, tsagewa shike yi.

Ga yadda suke bi da shi. Tun can ƙasar da anka sare shi, ana yanka gungumen gunduwa-gunduwa. Duk gunduwar da ke da tsaga ko rami a fid da ita. Da haka mafi yawan gungumen ba shi shiga aikin. A shafe kawunan gunduwa da kaki. A aje ta ta daɗe tana bushewa. Sannan a huda rami tsakiyarta, a rage ta bisa mashin, a sake aje ta. Sai ta zauna sarai za a yi mata murzawar ƙarshe. Daga ranar sara zuwa ranar busa, shekaru ke wucewa.

Wanga haƙuri shi ya maida karkataccen icce mai ƙaya ya zama abin da ake biya da tsada. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har shi sha romonshi. Abin da sunka yi ma baƙonsu, shi ya kamata mu yi ma namu baƙin.

SU WA NE BAƘINMU?

Ga kaɗan daga cikin katakan da ke fitowa daga ƙasashen kurmi, da halin kowane.

Samba. Shi ne yawancin farin katako. Ba shi da nauyi, ba shi da tauri. Gara da ƙwari suna son shi.

Iroko, wanda Hausawa ke kira loko. Rawaya ne in an yanka shi sabo, shi koma ƙasa-ƙasa in ya sha haske. Wani lokaci akwai ƙulluka masu tauri kamar dutse ɓoye cikin jikinshi. Suna karya bakin kurfi. Ƙurarshi tana sa ƙaiƙayi da ciwon asma.

Tek. Asalinshi ƙasashen Indiya da Bama ne. An dasa shi a Togo, Benin, Najeriya, Gana da Kodebuwa. Shina da mai, gara ba ta cika cin zuciyarshi ba. Amma akwai wani yashi cikin jikinshi wanda ido ba shi gani. Shi ke cin kaifin ƙarfe.

Bete. Katako ne mai kyawun gani, launin ƙasa mai duhu. Ƙurarshi tana sa atishawa da haɓo da jiri.

Tali. Mai tauri ne ƙwarai. Shi ne gwaska, wanda tsofaffi sunka san ɓawonshi guba ne.

Kun ga dukansu katako ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Kafin ka ɗora kowane bisa mashin, yi mashi tambaya huɗu. Matambayi ba shi ɓata.

TAMBAYA TA 1: MINE NE SUNANSHI, DAGA INA YA FITO?

Tambayi mai saidawa. In bai sani ba, tambayi tsohon kafinta, ko ma'aikacin gandun daji. In ka samu sunan, rubuta shi jikin katakon, ka rubuta cikin littafinka.

Ka kiyayi iccen da anka sa ma magani. Tsohon dogon icce na wayar lantarki, da katakon da ya yi tsanwa-tsanwa, da mai warin kwalta, duk magungunan kashe ƙwari ke cikinsu. Kada a murza su. Katakon da ake ɗora kaya bisanshi cikin jirgin ruwa shina da hatimi. In ka ga baƙaƙen HT, zafi kawai anka ba shi. In ka ga MB, hayaƙin guba anka yi mashi. Bar shi.

TAMBAYA TA 2: YAYA NAUYINSHI?

Nauyi shi ke nuna tauri. A ɗauki dunƙulen busasshen icce mai mitir guda tsawo, mitir guda faɗi, mitir guda tsayi. Ga nauyinshi:

Samba: wajen kilo 380.
Tek da iroko: wajen kilo 650.
Tali: wajen kilo 900.
Tabum: fiye da kilo 1.200.

Ruwa mai wanga yawa kilo 1.000 ne. To, ga gwaji mai sauƙi. Yanki ɗan guntu, jefa cikin bokitin ruwa. In ya yi iyo rabinshi na waje, mai sauƙi ne. In bayanshi kaɗai ake gani, mai tauri ne. In ya nutse, ko dai ɗanye ne, ko kuwa ka gamu da irin su tabum. Sai ka shirya wasa kurfi akai-akai.

TAMBAYA TA 3: YA BUSHE?

Nan ne mafi yawan kuɗi ke ɓata. Mai saidawa shi ce maka katako ya bushe, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya bushe bushewar bakin teku. Bushewar ƙasarmu daban take.

Icce kamar gishiri shike: shina shan laima daga iska, shina kuma sakinta. A Kwatano ko Lome, inda iska ke da laima, icce mai kilo 100 shina riƙe da ruwa kamar litir 16, ko da ya daɗe a aje. A nan, lokacin hunturu da bazara, iskarmu ba ta barin mashi fiye da litir 5. Litir 11 ɗin nan sai sun fita.

In ruwa na fita, icce na tsukewa. Bayanshi shi riga cikinshi bushewa. Baya na son tsukewa, ciki ya hana. Daga nan sai tsaga. Kawunan icce kuwa sun fi jikinshi sakin ruwa kamar sau 10. Shi ya sa tsaga ke farawa daga kai.

A ce saurayi ya sayi katako ran Laraba, ya murza ƙafafun gado ran Alhamis, ya kai gidan amarya. Bayan wata guda iskar hunturu ta taso. Ƙafa biyu sunka tsage, mahaɗa ta yi sako-sako. Katako ya tafi, wahala ta tafi, suna kuma ya ɓaci. Ga yadda za a kauce ma haka:

1. Aje katako cikin inuwa, ba cikin rana ba, ba kuma bisa ƙasa ba.
2. Sa ƴan sanduna tsakanin katako da katako, iska ta ratsa.
3. Shafe kawunan da kakin zuma, ko narkakken kyandir, ko tsohon fenti.
4. Ɗauki guntu guda ka auna bisa sikeli. Rubuta nauyin da ranar jikinshi.
5. Sake aunawa kowane mako. In nauyin ya tsaya wuri ɗaya mako uku jere, katako ya saba da iskarmu.

Mai son murza akushi ko kwano daga icce mai kauri, sau biyu za shi yi aikin. Karo na farko shi bar jikin da kauri, kashi ɗaya cikin goma na faɗin. Akushi mai faɗin santimitir 30, a bar mashi kaurin santimitir 3. A sa shi cikin buhun takarda tare da sassaƙenshi, a aje watanni. Za shi karkace kaɗan. Sannan a maida shi bisa mashin a gyara.

TAMBAYA TA 4: LAFIYARSHI LAU?

Duba shi gaba da baya cikin haske. Nemi tsaga, da ramin ƙwaro, da ido, da tsohuwar ƙusa. Ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, kamar yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. Lafiyayye amo gare shi. Tsagagge muryarshi a dushe take. In akwai tsaga, yanke wurin da zarto ka yar. Kada ka ce gam za shi riƙe.

YAYA ZA A ƊORA SHI?

Fara da ɗan guntu na gwaji, ba da babban aikin mutane ba. Rage kusurwoyin da zarto ko gizago, don kurfi shi samu sauƙi. Nemi tsakiyar kowane kai. Icce mai tauri ba shi karɓar tsini da sauƙi, don haka huda ɗan rami tukuna. Ɗaure da kyau. Matso da matashi kusa da iccen, kamar rabin santimitir. Juya iccen da hannu, kewaye guda cikakke, ka tabbata ba shi taɓa komi. Sannan ka kauce gefe guda, ka kunna. Kada ka tsaya daidai saitin iccen lokacin kunnawa.

Sai maganar gudu. Ana rage gudu ko a ƙara shi wajen maida bel daga wannan gargare zuwa wancan. Icce mai faɗi shina son gudu kaɗan. Siriri shina ɗaukar gudu da yawa. Masu sana'ar suna da wani lissafi: a raba 15.000 da faɗin icce a santimitir. Abin da ya fito shi ne yawan juyi cikin minti guda.

Faɗi santimitir 5: juyi 3.000.
Faɗi santimitir 10: juyi 1.500.
Faɗi santimitir 30: juyi 500.

Wanga lissafi na lafiyayyen icce ne wanda ya riga ya yi kewaye. Baƙon icce mai nauyi, wanda ke da sauran kusurwa, a fara shi da rabin haka. In mashin na rawa, rage gudu.

Don mi? Ku duba. Icce mai faɗin santimitir 30, kewayenshi wajen santimitir 94 ne. In an bar shi shina juyi 1.500 cikin minti, bakinshi na gudun kilomitir 85 cikin awa guda. Gudun mota ke nan bisa kwalta. In guntu ya ɓalle, da wanga gudu za shi samu mutum.

KURFI DA KAIFINSHI

Icce mai tauri ba a yi mashi ƙarfi. Kaifi ake yi mashi. Ga tek ko tabum, kurfi shina iya dakushewa cikin ƴan mintoci. Dubi abin da ke fitowa. In sassaƙe ne, kurfi na ci. In ya koma gari, ko ƙarfe ya ɗau zafi, ko ka ji sai ka danna, tsaya ka wasa. In da dutsen mashin kake wasawa, riƙa tsoma bakin cikin ruwa. Ƙarfen maƙera in ya yi shuɗi ya ƙone, ba shi ƙara riƙe kaifi.

Aza kurfi bisa matashi tukuna, sannan ka kai shi ga icce. Ci kaɗan-kaɗan. Bi daga wuri mai kauri zuwa wuri siriri, kamar mai gangarowa daga tudu. Wasu itatuwa, irin su iroko, jijiyarsu a harɗe take. In ka ga jikin na fizgewa, ƙara kaifi, rage ci.

Wasu suna yin kurfi da tsohon magagari. Ku yi hankali. Ƙarfen magagari gautsi gare shi. In icce ya cafke shi, karyewa shike kamar kwalba.

In za ka goge aiki da takardar yashi, wadda ake kira samfefa, cire matashi tukuna, don kada yatsa shi shiga tsakani. Rage gudu. Fara da mai kaushi, lamba 80, sai 120, sai 180, sai 240. Kada ka danna har icce shi yi zafi. Zafi na sa icce mai tauri shi yi ƴan tsage-tsage.

Tufafi ma abin lura ne. Babbar riga, da jelar rawani, da laya mai rataye, da zobe, da agogo, duk a tuɓe su. Kada ka naɗa tsumma ga yatsa wajen shafa mai. In mashin ya kama tsumma, da yatsan za shi tafi. Sa tabarau na aiki kullum. In ka samu garkuwar roba mai rufe fuska duka, ta fi. Ido ba shi da kasuwa.

ƘURA: MACIJIN ƘAIƘAYI

Guntun da ya ɓalle kowa na ganinshi. Ƙura kuwa a ɓoye take ɓarna. Mafi munin ita ce mai laushi, wadda ba a gani sai hasken rana ya ratso ta taga. Ita ke shiga har cikin huhu.

A shekara ta 1995, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji. Ciwon na kama cikin hanci. Ya fi samun waɗanda sunka yi shekaru suna shaƙar ƙurar itatuwa masu tauri.

Akwai kuma wata cuta mai saurin zuwa. Jikin mutum shi ƙi wani icce. Ranar farko ba komi. Bayan makonni sai ƙaiƙayi, da ƙuraje ga hannu da wuya, da jan ido, da tari, da ƙuncin ƙirji da dare. In jiki ya ƙi icce, ba shi ƙara sabawa da shi. Kowane komawa sai abin shi ƙaru. Iroko na yin haka, tek na yi, tabum ma na yi.

Rigakafi ya fi magani:

1. Yi aiki inda iska ke wucewa, ta fitar da ƙura daga gabanka.
2. Sa takunkumi na ƙura mai kama fuska sosai. Ƙyalle ko rawani ba su tsare ƙura mai laushi.
3. Yayyafa ruwa kafin shara.
4. Wanke hannu da fuska kafin cin abinci. Sake riga kafin ka shiga gida ka ɗauki ɗiya.
5. Kada yara ƙanana su zauna kusa da mashin.
6. In ka ga haɓo, ko tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashi na yi maka wuya, bar iccen, tafi likita. Faɗa masu aikin da kake yi da sunan katakon.

Abu guda kuma. Iccen da ba ka san sunanshi ba, kada ka yi cokali da shi, ko muciya, ko akushi, ko abin wasan yara. Yi ƙafar gado, ko ta tebur, ko sanda. Kada a gasa nama da sassaƙenshi. Ku tuna gwaska ma katako ce a kasuwa.

ICCE MAI TAURI BA SHI GIRMA DA WURI

Tabum shina shekara 70 zuwa 100 kafin shi isa sara. Wanda anka sare yau, tun zamanin kakanni ya tsiro. Haka yawancin itatuwa masu tauri suke. Zarto na mashin kuwa cikin minti kaɗan shike kada su.

Don haka ƙasashen duniya sunka ƙulla wata yarjejeniya a shekara ta 1973, mai suna CITES. Nijar na cikinta. A taron 2016, a ƙasar Afirka ta Kudu, an sa tabum da danginshi cikin itatuwan da ba a fita da su daga ƙasa sai da takarda. An sa madobiya ma, don an yi ta sararta daga Afirka ta Yamma ana kai ta ƙasar Sin. A taron 2022, a ƙasar Panama, an ƙara da maɗaci da kawo. A gida kuma akwai dokar gandun daji ta 2004. Kafin ka sari icce don sana'a, nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Mai murzawa shina da nashi taimako. Duk gunduwar da ta tsage don gaggawa, wani icce za a sake sara a madadinta. Ƴan guntayen da ke saura kada a sa su wuta. Suna yin ƙotar wuƙa, da marikin ƙofa, da ƴaƴan tasbaha. In kun ga ɗan tabum ko ƴar ƙirya sun tsiro cikin gona, ku bar su wajen sassabe. Ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa, kowa shi dasa nashi.

Ƴan'uwa, masassaƙin garinku ubanshi ya gwada mashi halin kowane icce. Mai aiki da baƙon icce ba shi da wanda za shi gada. Littafinshi shi ne gadonshi. Kowane katako ya shigo hannunka, rubuta sunanshi, da nauyinshi, da kwanakin da ya yi kafin shi bushe, da abin da ƙurarshi ta yi maka. Ka aje ɗan guntu da sunan jikinshi. Yaronka na gobe ba za shi fara daga duhu ba.

MU TATTAUNA WURIN KARATU

1. Waɗanne itatuwa masassaƙan garinku ke aiki da su? Waɗanne sunka yi wuyar samu yanzu?
2. Icce mai faɗin santimitir 20, juyi nawa ya kamace shi cikin minti guda? In baƙo ne mai kusurwa, da nawa za a fara?
3. Guntun katako ya auna kilo 6 ranar saye. Bayan mako 8 ya tsaya ga kilo 5 da rabi. Ruwa nawa ya fita?
4. Wa ke da ɗa ko ƙane mai aikin katako a birni? Ku karanta mashi wanga bayani in ya zo gida.